Shekarar da Kaka Ta Auna Iska

Abin da na fara lura da shi ranar da aka kawo ni gidan Baffa a Ƙaura Namoda wata ƙara ce ƙasa-ƙasa, kamar ta ƙudan zuma a kogon itace. Tun daga zaure na ji ta. Ana ta yi mana sannu da zuwa, ana tambayar mutanen Gurbin Bore, ni kuwa kunnena yana can yana neman inda take fitowa. Sai da muka shiga tsakar gida na ga mai ƙarar: wata farar akwati ce doguwa a rumfar ƙofar ɗakin matar Baffa, an ɗora ta a kan bulo, gumi yana tsattsafowa a murfinta. Ban taɓa ganin firiza ba sai ran nan. A kanta akwai wani ɗan sikeli ja, da faranti a sama da allura a fuska kamar agogo. Babu komai a farantin, amma allurar ba ta zauna daidai ba, ta ɗan karkata gefe kamar mai sauraron hirar maƙwabta. Na gani, na yi shiru, don a lokacin haka nake da kowane abu.

Ku 'ya'yana kun san tsohon gwangwanin madarar nan da ke can ƙuryar kabad, wanda aka sha ɗaukowa za a zubar ina hanawa. Kun kuma sha ji a wurin biki dangi suna cewa uwarku ce ta kayar da Kaka a gardama tana 'yar yarinya. Ba haka aka yi ba, kuma ba na so ku girma da labarin a karkace. Babu wanda ya kayar da Kaka. Ga yadda abin ya faru.

Jiharmu ba ta daɗe da samuwa ba a lokacin, komai sabo ne, har lambar mota. Na gama firamare a ƙauye, Baba yana ganin karatun ya isa haka. Baffa, ƙanensa, direban motar haya ne tsakanin Ƙaura da Shinkafi, shi ya zo har gida ya ce matarsa tana da goyo kuma tana sana'ar da ke son hannu biyu, a ba shi aron ni in riƙa taimaka mata, shi kuma ya sa ni sakandaren 'yan mata. Baba mutum ne da ba ya son ya zama nauyi a kan kowa. Da kyauta aka ce za a riƙe ni, da bai yarda ba. Da ya ji aiki zan yi, sai ya amince, ya kuma faɗa a gaban kowa cewa ranar da aikin ya ƙare, ranar zan dawo gida.

Sana'ar ita ce askirim. Matar Baffa, Luba, 'yar Shinkafi ce. A ƙauyenmu da Inna zan kira ta, amma yaran Ƙaura Anti suke cewa, ni ma na bi su. Wajen yayarta da ke aure a tsallaken iyaka ta koyo aikin, can kuma da sikeli ake yi, don haka ta zo da sikelinta cikin kayan ɗaki, da awon kowane abu a kanta: giram kaza na madarar gari, giram kaza na sukari, ɗan garin kastad, madarar gwangwani, tafasasshen ruwa, da ɗigon wani ruwan ƙamshi a 'yar kwalba. Idan aka haɗa a babban kwanon silba sai a sa a firiza. Da gefensa ya fara kamawa a fito da shi a buge da maburgi, a mayar, a sake fitowa a buge. Bugun nan shi ne aikina idan na dawo makaranta. Tun hannuna yana ciwo har ya saba. Abin da na fi so shi ne yadda ruwan yake tasowa a hankali yana hawa jikin kwanon, launinsa yana komawa fari tas, ƙarar maburgin tana sauyawa daga facal-facal zuwa wani luf-luf mai taushi. Daga nan a zuba a ƙananan kofunan roba masu murfi. Ɗaliban Foli, babbar makarantar fasaha ta garin, suna aikowa, matan unguwa suna turo yara, masu biki suna sa a yi musu kula guda. Wanke kofunan da aka dawo da su, shi ma nawa ne.

Gidan yana da daɗi. Baffa ba ya shigowa sai da abin dariya a bakinsa. Idan aka kawo wuta yaran unguwa suka ɗauki ihu, Anti Luba takan ɗaga hannu ta yi hamdala kamar an yi mata albishir da haihuwa. Sai kuma Kaka, mahaifiyar su Baba, wadda su Baffa suke ce wa Iya. Ta yi shekaru tana awon hatsi a kasuwar Ƙaura kafin gwiwa ta zaunar da ita. Mudunta yana rataye a bangon ɗakinta, gindinsa sumul, takan ce a duba ko an taɓa dukansa da dutse don ya rage ciki. Ita ce ta sa mini suna Sarkin Kallo, wai idanuna sun cinye rabon bakina. Tsokanata take yi safe da yamma, irin wasan kaka da jika, tana jira in rama. Ni kuwa sai in sunkuyar da kai in yi murmushi. Askirim kuwa ba ta taɓa sa shi a baki ba, ta ce abin yara ne, kuma sauran haƙoranta ba su yi mata laifin komai ba.

A shekarar aka ƙaddamar da Shari'a. Ku kun taso kun tarar da ita, ba za ku gane yadda garin ya ɗauka ba. Mu a gida abin da ya fi shigo mana shi ne maganar awo. Rediyo wa'azin tauye mudu, masallaci wa'azin tauye mudu, Baffa ya dawo da labarin 'yan kasuwar da suka ɓoye tsofaffin mudunansu masu lotsattsen gindi. Kaka ta ji daɗin wannan zamani ƙwarai. Ta ce abin da ta yi shekaru tana faɗa ana ce mata mai tsanani, ga shi yau a bakin malamai.

Da bazara ta kama, wata rana da la'asar zafi ya hana kowa sakat, Kaka tana kan tabarma tana fifita, Anti Luba ta durƙusa ta miƙa mata kofi guda, ta ce ko don ta sanyaya maƙoshi. Ga mamakinmu Kaka ta karɓa. Amma ba ta buɗe ba. Ta ɗora shi a tafin hannu ta ɗan jijjiga, yadda take yi wa damin gero kafin ta taya. Ta sa na kawo mata wani kofin irinsa cike da nono, ta riƙe a ɗaya hannun.

"Ɗiyar Shinkafi, mi kis sa cikin wanga kofi?"

"Askirim na, Iya."

"Na ga ya cika. Nauyinai nika tambaya. Ina yat tahi?"

Anti Luba dai kayan haɗi kawai take aunawa, ba ta taɓa ɗora gamammen kofi a sikeli ba. Aka sauko da sikelin. Aka ɗora kofin nono, allura ta tafi. Aka ɗora kofin askirim, ta tsaya can baya, nesa ba kusa ba. Na ga fuskar Anti ta sauya. Kaka ta tambayi yadda ake yi, aka faɗa mata maganar bugu, ta gyaɗa kai ta ce ta gane, iska ce ake turawa ciki, iska ake sayar wa 'ya'yan mutane a farashin madara. Baffa da ya shigo a daidai lokacin ya so ya mai da abin wasa.

"Iya, ni ma kullum iska nika sa ma taya, kuma ba kyauta aka ba ni ba."

"Kai ka san iska kas saya," in ji Kaka. Ta ajiye kofin a gefen tabarma, bai ga cokali ba.

Kwanakin da suka biyo baya, in na tuna su har yanzu sai na yi dariya. Anti Luba mace ce mai tsoron haƙƙi. Ba don surukarta kaɗai ba, ita kanta abin ya tsaya mata a rai. Ta ce to bari a yi wanda babu iska. Muka haɗa, muka zuba a kofuna ba bugu, muka sa a firiza. Washegari abin ya fito kamar dutsen niƙa. Cokali ya lanƙwashe a kansa. Wani yaro ya dawo da nasa yana kuka wai an ba shi ƙanƙara. Baffa ya ce a ajiye masa biyu, zai riƙa tare taya da su idan ya tsaya a gangare. Muka gwada bugawa sannan a danne da bayan cokali, yadda ake girgiza mudu hatsi ya zauna. Ya koma wani abu mai danƙo, ba shi askirim ba shi alewa. Baffa ya kai maganar wajen limamin unguwa. Liman ya ce ba ya fatawa a kan abin da bai gani ba, aka kai masa kofi ɗaya na ainihi. Kofin ya dawo a wanke, tare da saƙon cewa ciniki ya halatta idan mai saye ya san abin da yake saye da yawansa, sannan mas'alar tana da zurfi, in da hali a ƙaro wani kofin. Kowa ya yi dariya har Kaka. Amma da ta gama dariyarta ta ce ai maganarta liman ya maimaita: da yawansa. Wa ya san yawan iskar?

Daga nan Anti Luba ta wanke kwanon silba ta kife, ta rataye maburgi. Firiza ta koma ta ruwan sanyi. Yara suka yi ta zuwa ana mai da su. Ina dawowa makaranta in rasa abin yi da hannuna. Ba a jima ba labari ya kai Gurbin Bore, kamar yadda labari yake kaiwa idan akwai direba a gida. Wani mai motar Zurmi ya kawo saƙon Baba: tunda aiki ya tsaya, zai shigo ranar kasuwa ya tafi da ni, dama damina ta gabato, Inna tana bukatar hannu.

Ban yi kuka a gaban kowa ba. Na dai riƙa kallon kayan makarantata a kan igiya, ina tuna ajinmu, da tagar da nake zama kusa da ita, da malamar lissafi da ta fara sanin sunana. Baffa ba zai iya musu da yayansa ba, ba zai kuma iya musu da mahaifiyarsa ba. Anti Luba kuwa ko ido ba ta haɗawa da Kaka, balle ta ce mata ba haka ba. A gidan Bahaushe mutum ɗaya ne aka yarje wa ya mayar wa tsohuwa magana, ya ja ta da gardama, a yi dariya a wuce, shi ne jika. Jikan da ke gidan kuwa daga jaririn goye sai ni. Anti ta faɗa mini haka muna tsintar shinkafa, ba tare da ta ɗago kai ba.

"Duk gidan ga ke ɗai ad da bakin magana da Iya. Ke kuma Allah bai ba ki baki ba."

Ana jibi kasuwa, da hantsi, ina shafa wa Kaka man zafi a gwiwa. Tana ta tsokanata wai in na koma ƙauye wa zai riƙa kallonta kamar talabijin. Na kafa ido a kan gwiwarta na tambaye ta ko mudun dusa da mudun gero nauyinsu ɗaya.

"Ikon Allah. Sarkin Kallo ta yi magana. A kira maroƙa."

Na maimaita tambayar. Ta ce ko jariri ya san ba ɗaya ba ne. Na ce to wanda ya sayi mudun dusa an cuce shi ke nan, tunda bai kai gero nauyi ba? Ta janye ƙafarta ta dube ni sosai, irin kallon da take yi wa hatsin da ba ta yarda da shi ba.

"Ke, dussa ba ta sake hali. Mudun yau shi na mudun gobe. Wagga iska taku, yau a buga da yawa, gobe kaɗan, kofi kullum cike. Wa ya san iyakatta?"

"Ni na sani, Kaka."

Ban san lokacin da ya fito ba. Da ya fito kuma sai sauran ya biyo shi. Na gaya mata kofunan nan suna da wani siririn zobe a jikinsu ta ciki, sama da tsakiya kaɗan, wanda sai mai wanki yake jinsa da yatsa. Na gaya mata duk ranar da aka daɗe ba wuta askirim ya narke a kofuna, idan kumfar ta kwanta nakan duba inda ruwan ya tsaya. In Anti ce ta buga, daidai kan zoben yake tsayawa, kullum. In ni ce, yakan ɗan haura zoben, don hannuna bai kai nata ba. Ranar da Baffa ya karɓi maburgi yana nuna mana ƙarfi kuwa, ruwan bai ko kai kusa da zoben ba.

Kaka ta fashe da dariya har tana riƙe ciki. Ta ce ashe mai tauye mudun ita ta haife shi. Kun ga ke nan ba kayar da ita na yi ba, shaida na kawo mata cewa tsoronta gaskiya ne: iskar tana yawa tana raguwa, babu mai lura. Abin da na ƙara mata kawai shi ne iskar tana da inda za a kama ta. Sauran duk ita ta yi.

Ta ce a ɗaga ta. Ta sa aka shimfiɗa mata tabarma a gaban firiza, aka tattaro gwangwanayen madara da muka tara, aka kawo mata ƙusa. Ta ce wa Anti Luba ta auna kowane abu a sikelinta yadda ta saba, sau ɗaya na ƙarshe. Da aka sauko da sikelin na yi ƙarfin hali na ce allurar ba ta zama daidai. Anti ta ce ta sani, tun a hanyar kawo shi ta karkace, a kai take cire bambancin. Kaka ta ce to shi ya sa ba ta yarda da awon da ke da ciki ba, wanda sai mai shi ya san halinsa. Awo na gari shi ne wanda mai saye zai leƙa ya gani.

Aka auna sukari aka juye a gwangwani, Kaka ta ƙwanƙwasa gefensa ya zauna, ta ja layi da ƙusa daidai inda ya tsaya. Aka auna madarar gari. A sikeli ba ta fi sukarin da wani abin kirki ba, amma a gwangwani sai da ta cika ɗaya ta kusa cika na biyu. Anti ta yi mamaki, Kaka ko a jikinta, ta ce gero da dusa ke nan, kowa da gwangwaninsa, kada a kuskura a ara wa wani na wani. Wurin da aka sha fama shi ne gwangwanin da ya cika. Hannun Kaka da kansa yake tara tozo a sama, don tunda take ba ta taɓa miƙa wa mutum mudu a shafe ba. Anti ta raɗa mini cewa tozon zai ɓata haɗin, ni na faɗa da ƙarfi. Kaka ta ce ita dai ba da hannunta ba. Ta kau da kai gefe, ni na shafe bakin gwangwanin da bayan wuƙa, tana cewa Allah Ya gani ba ita ba ce.

Da aka gama haɗawa a kwanon silba ta ja layi a inda ruwan ya tsaya. Ta ce Anti ta buga da hannunta, bugunta na kullum. Muka yini ana sawa ana fitarwa, Allah Ya taimake mu ba a ɗauke wuta ba. A bugun ƙarshe Kaka ta ja layi na biyu a inda ya taso ya tsaya. Ta auna tsakanin layukan da yatsunta ta ce biyu ta zama uku, kashi ɗaya cikin uku iska ce, daga yau kuma ko Sarkin Ƙarfi ne ya riƙe maburgi, da ya taɓa layin sama a ajiye. Sannan ta sa aka juye kofi ɗaya a wani gwangwanin aka ajiye a rana. Muka zauna muna kallonsa mu uku kamar masu jiran wata. Da ya narke kumfar ta kwanta, ta ja layi a nan ma, ta ce wannan shi ne shaida, duk mai shakka ya narkar da nasa ya zo ya gwada. Sai a lokacin ta ce a ba ta kofi guda da cokali. Ta ɗanɗana, ta runtse ido, ta ce ba laifi, amma fura ta fi shi hankali. Ta shanye kofin tas.

Washegari ta sa aka kai tabarmarta bakin zaure. Duk yaron da ya zo saye sai ta tsayar da shi ta ce ya gaya wa uwarsa kashi ɗaya cikin uku iska ce, in ba ta so ta maido. Babu wanda ya maido. Kafin la'asar maganar ta zaga unguwa, mata suna aiko yara a ba su iskar Iya ta kofi biyu. Sikelin kuwa aka mai da shi saman kabad, bai sake saukowa ba sai da wata maƙwabciya ta ara ta auna jaririnta.

Baba ya iso ranar kasuwa bayan azahar, da ƙurar hanya a rawaninsa. Shi ne ɗan fari, don haka Kaka ba ta kiran sunansa, ba ta kuma yi masa magana kai tsaye. Ya durƙusa daga nesa ya gaishe ta, ta amsa tana kallon turmi. Baffa ya miƙa masa kofi da cokali. Baba ya jujjuya shi, ya ɗiba kaɗan, ya riƙe a baki ya daɗe. Can ya ce wannan ƙanƙara an yi mata tarbiyya. Da ya gama ya ce in haɗa kayana, yana so mu kama motar Zurmi da wuri.

Kaka ta gyara zama ta fuskanci turmin sosai.

"A gaya ma mutumen Gurbin Bore aiki bai ƙare ba, jiya ma anka fara shi da gaskiya. A gaya mai layin da nij ja, idona ba ya ganinai. Gidan ga mutum guda ad da idon duba shi."

Baba ya sunkuyar da kai, na ga gefen bakinsa yana motsi. Ya ce shi ba ya jayayya da abin da aka faɗa wa turmi. Amma ya ce akwai magana guda: Inna ta sa rai, ta riga ta gyara mini shimfiɗa, ta ce bana da ni za a yi shuka. Ya juyo ya dube ni, abin da bai cika yi ba, ya ce tunda an ce yanzu ina magana, in faɗa da bakina.

Na ga Inna a idona, tana tankaɗe a ƙofar ɗaki tana waiwayen hanya. Na ce zan zauna. Na faɗa a hankali, amma kowa ya ji.

Na zauna, har na gama makarantar, abin da ya biyo baya kuma kun san shi. Amma kada ku ɗauka kyauta na samu. Tun daga ranar ban sake zama a gidanmu ba sai dai hutu, kamar baƙuwa. Ƙanwata Zulai, gwaggonku, ita ta ɗauki tulun da na ajiye tun wuyanta bai yi ƙwari ba, har yau in mun haɗu takan ce ita ta yi mini karatun da kanta, rabi wasa. Inna ba ta taɓa yi mini ƙorafi ba ko sau ɗaya. Gwangwanin nan na kabad a wurinta ya zauna shekara da shekaru, a cikin kwallarta, sai ranar da za a kai ni gidan babanku ta ciro shi ta sa mini a kaya.

Yadda ya je hannunta kuwa, a yammacin nan ne. Baba ya yi sallama ya fita zaure yana ɗaure kayan da ya saya a kasuwa. Na tuna Inna ba ta taɓa ganin askirim ba, ba ta san abin da ya riƙe mata ɗiya a birni ba. Na ɗauki gwangwanin shaida, na juye kofi guda a ciki, na rufe da leda na ɗaure da zare, na naɗe da jiƙaƙƙen tsumma. Kaka tana kallona, ba ta hana ba, ta ce za ta ja wani. Na sami Baba yana shirin saɓa buhu. Ya dubi abin da ke hannuna ya ce ai kafin su kai Zurmi ya zama ruwa. Na ce na sani.

"Baba, don Allah ka riƙe shi tsaye, kada shi zube. Ka kai ma Inna da hannunka. In ta buɗe ta ga ya ragu, ka ce ta duba layin da Kaka taj ja ciki. Nan za ta iske shi. Ka ce mata iska ɗai ta fita, duk abin da niz zuba mata yana nan."